Mutumin Lyon

Tantin ya cinye falon gaba ɗaya. Shuɗi ne, mai ƙofar zif, an ɗaure igiyarsa ɗaya a ƙafar kujera, ɗayar a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki, talabijin kuwa an tura ta lungu ta juya wa mutane baya. Abin da Maazou ya tarar ke nan da ya dawo daga shagonsa na unguwar Barbès ta Paris ya shiga gidansa, a hawa na huɗu na wani tsohon bene a Montreuil: tanti a tsakar ɗaki, ƙananan 'ya'yansa biyu suna shiga suna fita kamar ɓeraye, wani dogon saurayi kuma yana durƙushe yana gyara sandar tantin.

"Aïcha, Nouhou, ku hito kada ku yaga kayan mutane," in ji shi. Ya sunkuya ya ɗora Nouhou a wuya, ya ja kunnen Aïcha da wasa, sannan ya waiwaya wajen matarsa Raliatou da ke tsaye a bakin madafa. "Mutumin Lyon ya ci abinci kuwa?"

Mutumin Lyon yana nan dab da ƙafarsa. Sunansa Salim, shi ne ɗan farin Maazou, kuma tun ranar da aka raɗa masa wannan suna, yau fiye da shekara ashirin, uban bai taɓa furta shi da bakinsa ba.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce. A ƙauyensu, can arewa da Tahoua, mutumin kirki ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya yabonsa yana ji. Maazou shi ma ɗan fari ne, kuma har ubansa ya koma ga Allah "kai yaro" yake ce masa. Da ya zo Faransa ya zubar da abubuwa da yawa a hanya. Ya ajiye rawani, ya koyi cin shinkafa da cokali mai yatsu, har Bafaranshiya ya aura a Lyon, Monique, uwar Salim. Amma wannan kunyar ya riƙe ta gam, kamar ita kaɗai ce ta rage da za ta shaida cewa shi ɗan wani ne. Monique ta yi faɗan, ta yi kukan, ta yi lallashin. Daga baya auren ya mutu, saboda wannan da wasu abubuwan, ita ta riƙe yaron a Lyon, shi ya koma Paris ya shiga sayar da shadda da atamfa. A hunturun da ya wuce ta rasu. Ranar da aka binne ta, maƙwabta da abokan aikinta kowa ya zo ya rungumi Salim, Maazou yana gefe da hannuwa a baya, zuciyarsa tana ƙuna, fuskarsa ko gezau.

Bayan an ci abinci Salim ya shimfiɗa taswira a ƙasa, a bakin tantin. Da Faransanci suke magana, domin Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya nuna wa uban wani koren wuri a kan duwatsun Chartreuse, dajin gwamnati ne, inda ya saba zuwa tun yana aikin soja. Daga Lyon za su shiga jirgin ƙasa zuwa Grenoble, daga nan bas ta kai su ƙauye na ƙarshe, sai kuma ƙafa. Akwai hanya mai alamar ja da fari a jikin itatuwa, akwai maɓuɓɓuga inda za su ɗebi ruwa, akwai wani fili can sama inda za su kafa tanti da yamma su kwashe da safe. Kowa zai goya bargonsa mai kamar buhu da rigar ruwa, shi zai ƙara da tanti da ƙaramin risho na gas. Yana magana yana bin hanyar da yatsa, bai ɗago kai ba, kamar ɗalibin da ya daɗe yana haddace darasinsa.

Maazou dai gwani ne wajen cika baki in an zo batun daji. Ya gyara zama ya shiga ba da labari, sai dai ga Raliatou yake ba da shi, ko ga tantin, ko ga bango. Yadda yana saurayi ya bi kawunsa da garken shanu har kudu, suna kwana a ƙasa, kura tana kuka a bayan kunnensu, ba tanti ba takarda, daga wuta sai sanda. Da Salim ya ce a wannan dajin an hana hura wuta, Maazou ya saki baki. Daji ba wuta? To da me za a kori namun dawa, da taswira? Ya yi dariya har da hawaye. Salim ma dariyar ta kama shi, suka yi ta yi tare, kowa yana kallon wani wuri daban. Rabon Maazou da jin daɗi irin na wannan yammacin har ya manta.

Da Salim ya naɗe tantinsa ya koma Lyon, Raliatou ta shiga haɗa guzuri. Ta yi dambun nama, ta daka dakuwa, ta aika aka samo mata kilishi a wajen wani ɗan Madaoua da ke zaune a gidan ma'aikata. Wata safiya tana ƙulle su a leda, ta gaya wa mijinta abin da saurayin ya faɗa mata a madafa. Kawunsa, ƙanen Monique, yana da wurin aikin katako a Kanada, kuma ya kira shi ya je ya zauna can. Salim bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce sai ya dawo daga daji zai san ko yana da abin da zai tsaya dominsa a ƙasar nan.

"Malam, yaron ga ba daji shika so ba," in ji ta. "Kai shika so. In kun tahi, don Allah ka buɗe bakinka."

"In ce mishi mi? Bai san ɗana ne ba?"

"Ni na sani, don ni ɗiyar can ce. Shi a nan aka haihe shi."

Maazou ya ce ta faye tsoro, ya ɗauki hularsa ya fita, amma maganar ta bi shi har cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kanada. Lyon ma da take kusa sau nawa ya je? Ya san in yaron ya ƙetare wannan ruwan, shi ke nan, sai dai a ji labarinsa a bakin mutane.

A Barbès kuwa babu wanda bai gaji da labarin saurayin ba. Ɗan Juma, maƙwabcinsa mai sayar da takalma, ya ji har ya haddace yadda "yaron wajena" ya fi kowa tsawo a soja, yadda yake karanta taswira kamar malami da allo, yadda bai taɓa ɗaga wa babba murya ba. Shi ne ya zaɓa wa Maazou wasu ƙattin takalma na hawan dutse, yana yi masa tsiya, wai mun gudo daga daji mun shigo birni, kai kuma da furfurarka za ka koma ka kwana a ƙasa don nishaɗi. Maazou ya riƙa sa takalman yana zagaye shago da su don su saki. Suna cizonsa a diddige, yana murmushi, yana auna wa mata shadda. Duk wannan yabon a Barbès yake tsayawa, ko ƙwaya ɗaya bai taɓa isa Lyon ba.

Ranar tafiya, wata Asabar a farkon kaka, ya shiga jirgin ƙasa mai gudu na sassafe. A hanya ya gwada. Ya juya fuska ga taga, inda gonaki da shanu farare suke wucewa, ya motsa leɓɓansa a hankali. Wata 'yar iska ta fito tsakanin haƙoransa, sauran ya maƙale. Ya ji kamar uwarsa da kawunnansa duk suna zaune a kujerar baya suna kallon ƙeyarsa. Ya ce wa kansa ai ba gaggawa, in sun shiga daji, ba kowa, abin zai zo da kansa.

Tashar Lyon a cike take. Da ya sauka, ya hango Salim daga baya, ya fi kowa tsawo, yana leƙe-leƙe, yana tafiya ɗaya ƙarshen inda ba uban yake ba. Jama'a suna shiga tsakaninsu. Maazou ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya tafa hannu da ƙarfi, ya yi "sss", yadda ake tsayar da mai talla a kasuwa. Mutane suka waiwaya, wata mata ta ƙanƙame jakarta. Salim ma ya waiwaya. Ya tsaya yana duban uban daga nesa, murmushin da ya taho da shi yana gushewa a hankali. Ya ƙaraso ya karɓi ledar guzuri, ya ce sannu da zuwa, Papa, ya wuce gaba.

Gidan Monique ne har yanzu, a unguwar Guillotière, sai dai an kwashe rabin kayan. Inda hotuna suke a da, bango ya yi farare-farare. Jakunkunan goyo biyu suna jingine a bakin ƙofa, an shirya su tsaf. Salim ya ɗaga ƙaramar ya goya wa uban, ya zagayo gabansa yana ja masa madauri a kafaɗa da ƙugu, yana tambaya ko ya matse. Da ya sunkuya, kansa yana dab da haɓar Maazou, har yana jin ƙamshin sabulun da ya yi wanka da shi. Tun yaron yana jariri, da Maazou yakan ɗauke shi a ɓoye in Monique ta fita, bai ƙara kusantarsa haka ba. Hannunsa ya ɗan taso zai dafa kan, sai ya mayar da shi ya riƙe madauri.

Salim ya ja da baya ya dube shi sama da ƙasa.

"Saura abu ɗaya, Papa. A can sama hazo yakan sauko ba zato, har ba ka ganin hannunka. In muka rabu, ƙa'ida ita ce kowa ya tsaya inda yake, ya yi ta kiran ɗan'uwansa har a amsa. Ni zan ce Papa. Kai me za ka ce?"

Maazou ya yi dariya, ya ce wannan ai mai sauƙi ne, zai yi fito irin na makiyaya, wanda ake ji daga bayan tudu. Har ya kai yatsu biyu baki zai nuna.

"Kare ake kira da fito," in ji Salim. Bai ɗaga murya ba. "In na faɗa rami ƙafata ta karye, me za ka kira? Mutumin Lyon? Gwada yanzu. Ba kowa a nan, daga ni sai kai."

Maazou ya ji jakar ta ƙara nauyi. Sunan yana nan a bakinsa, ya san ɗanɗanonsa, shi ne ma ya zaɓe shi ya raɗa wa liman a kunne. Amma ga yaron a gabansa, ido cikin ido, yana jira. Ya sunkuyar da kai ya fara bayani, irin wanda Monique ta ji har ta ƙoshi: cewa a wurinsu wannan girmamawa ce, cewa abin da ya fi daraja ba a yawo da shi a baki.

"Ubana bai taɓa kiran sunana ba har ya mutu," in ji shi, "kuma na san yana so na."

"Ka sani, Papa? Ko dai fata ka yi ta yi?"

Tambayar ta same shi inda bai shirya ba. Ya tuna ranar da zai bar gida. Ubansa yana zaune a gindin rumbu yana tufka igiya, bai tashi ba, bai ɗago ba, sai ya ce wa uwarsa ta gaya wa yaron nan Allah ya kiyaye hanya. Maazou ya hau bayan babbar mota yana waiwaye, yana jira ko tsohon zai miƙe, har ƙauyen ya ɓace. Bai miƙe ba, kuma ba su ƙara ganin juna ba. Wannan labarin bai taɓa ba kowa shi ba, ko Raliatou. Da a ce shi ya ba Salim a wannan safiyar, ko da bai kira sunan ba, wataƙila da ya isa. Amma kunya in ta rasa mafita fushi take zama. Ya ɗago da jan ido ya ce ɗa ba ya jarraba ubansa, ya ce ba laifinsa ba ne, renon Nasara aka yi masa, an bar shi ba tarbiyya.

Maganar tana fita ya so ya kamo ta. A gidan Monique ya faɗe ta, a gaban bangon da aka cire hotonta.

Salim ya matso ya kwance madaurin ƙugu, ya kwance na kafaɗa, ya sauke jakar a hankali kamar yadda ya ɗora ta, ya jingine ta kusa da 'yar'uwarta. Ya miƙa wa uban ledar guzuri, ya ce a gode wa Raliatou, ya ce akwai jirgin Paris kafin azahar, zai raka shi.

Suka kama hanyar tasha. Takalman suna cizon Maazou, yana ɗingishi a baya, yana shirya kalmomi yana rushewa. A bakin matakalar da ke hawa zuwa jirage Salim ya tsaya, ya miƙa masa hannu kamar wanda suka haɗu a ofis.

"Sai wata rana, Maazou," in ji shi.

Haka ya faɗi sunan, tsirara, ba Papa ba Malam. A ƙauyensu da ɗa ya kira ubansa haka, gara ya mare shi. Salim ya san da wannan, uwarsa ta gaya masa komai. Ya juya ya shiga cikin jama'a. Maazou ya daɗe yana hango kansa sama da na kowa, kuma har ya ɓace akwai lokacin da murya za ta iya cim masa.

Bai hau jirgin Paris ba. Shi kansa bai san dalili ba, sai dai takalman suna ƙafarsa, guzuri yana hannunsa, kuma bai san da wace fuska zai dubi Raliatou ba. Hanyar tana kansa, tunda an bi masa ita da yatsa. Ya shiga jirgin Grenoble, ya nemi bas, ya zauna a kujerar baya, tana ta hawa tana lanƙwasa har kunnuwansa suka toshe. A ƙauye na ƙarshe direban ya dubi rigarsa ta birni da ledarsa, ya gargaɗe shi da kada ya yi nisa, bas ta ƙarshe ba ta jiran kowa.

Wannan ba dajin da ya sani ba ne. Nasu fili ne, kana ganin mutum tun yana kamar ƙuda. Wannan kuwa dogayen itatuwa ne baƙaƙe masu ganye kamar allura, sun haɗe kai sun tare rana, ƙasa a jiƙe, ga sanyi yana shiga ƙashi. Ya ga alamar ja da fari a jikin itace, daidai yadda aka gaya masa, ya bi ta. Ya tarar da maɓuɓɓugar, ya yi alwala da ruwan da ya kusa tsinke masa yatsu, ya yi la'asar a kan wani faffaɗan dutse. Da ya sallame sai ya ga hazon yana saukowa ta tsakanin itatuwa, fari, ba ƙara, yana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya ɗaura takalma ba ya ganin hanyar da ya biyo.

Ya tuna ƙa'idar. Ya tsaya inda yake.

Da farko muryar ta fito a shaƙe. Ya yi tari, ya cika ƙirji, ya sake.

"Salim!"

Dutsen da ke can gaba ya mayar masa da sunan. Ya sake kira, ya sake, yana juyawa gabas da yamma, har maƙogwaronsa ya yi zafi, hawaye suna bin gemunsa. Ashe sunan ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya yi ta kira kamar mai biyan azumin da ya sha.

Sai ya ji motsi a bayansa, ya waiwaya. Wata tsohuwa ce ta fito daga cikin hazon, da sanda da kwando cike da laimar kwaɗi, irin wadda mutanen ƙasar suke ci. Tana haki, da alama sauri ta yi. Ta ce tun daga ƙasa take jin ihu amma ba ta gane abin da ake cewa ba. Ta dubi fuskarsa, ta ajiye kwandon, ta tambaye shi ko wani ne ya ɓace masa.

Ya ce e.

Ta ce kada ya damu, ita a nan aka haife ta, ta san kowane rami, kuma murya biyu ta fi ɗaya. Ta gyara tsayuwa, ta kai hannuwa biyu gefen bakinta, sannan ta waiwayo.

"Yaya sunansa?"

Maazou ya dube ta. Ya dubi ledar guzurin da ke kan dutse, ba a ko kwance ta ba. A hankali kansa ya sunkuya, hannuwansa suka koma baya.

"Wani mutumin Lyon ne," in ji shi.